TALABIJIN A TSAKIYAR TEKU

Yau doguwar tafiya za mu yi, don haka kowacce ta gyara zama. Za mu leƙa cikin jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda masu hali da amare da angwaye ke shiga su yi mako guda a kan teku, mu ga da me ake ɗebe kewa a cikinsa, musamman akwatin talabijin ɗin da ke manne a bangon kowane ɗaki.

Na san da an ce jirgin ruwa, da yawanku sai ku tuna fim ɗin Titanic na 1997. To shi jirgin na gaske a 1912 ya nutse, lokacin ko labarin talabijin babu, makaɗa 8 ne ke nishaɗantar da fasinjoji. Yau kuwa abin ya wuce nan. Ku duba Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga birnin Miami na Amurka a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, bene hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Kai, ai gari ne guda a kan ruwa!

Duk da wannan girma, kada ki zaci za ki tarar da tashoshi ɗaruruwa kamar na gida. Jirgi daga tauraron ɗan'adam yake kamo hoto, ta wasu faya-fayan da aka rufe cikin fararen ƙwallaye a can samansa. Tunda jirgin tafiya yake, igiyar ruwa kuma na kaɗa shi, dole faifan ya riƙa juyawa da kansa don kada ya kauce wa tauraron. In jirgi ya fita daga yankin da tauraron ke haskawa, ko hadari ya haɗu, sai hoto ya ɗauke. Shi ya sa yawanci abin da za ki samu bai wuce 'yan tashoshin labarai ba, da na ƙwallo, da na yara, sai finafinan da jirgin ya ajiye a na'urarsa.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne tashoshin jirgin na kansa. Akwai wadda ke nuna hoton kyamarar da ke goshin jirgi, ki ga abin da matuƙi ke gani. Akwai ta taswira, mai nuna inda kuke, da gudun jirgi, da inda ya dosa. Akwai wadda ke faɗin shirye-shiryen ranar da labarin garin da za a tsaya gobe. Lokacin da na yi kwana 7 a Tekun Bahar Rum, ɗakin ciki na kama saboda shi ne mai sauƙin kuɗi, ga shi ba taga ko ɗaya. In kin kashe fitila, wallahi ko tafin hannunki ba kya gani, ba ki san dare ba, ba ki san rana ba. Sai na riƙa barin tashar kyamara a kunne ba murya, da gari ya fara wayewa hasken allon ya cika ɗakin. Tashar taswira kuma ita ta taimake ni wajen gane alƙibla, tunda jirgi kan juya kina barci.

Masu jiragen ma sun lura da wannan kewa ta ɗakin ciki. A 2011 jirgin Disney Dream ya zo da wata taga ta ƙarya, zagayayya, wadda allo ne mai nuna tekun da ke waje kai tsaye, wani lokaci har ɗan katun ya gifta don yara su yi dariya. A 2014 kuma Royal Caribbean ta kawo dogon allo mai inci 80, daga ƙasa kusan har rufi, wanda in kin kalla sai ki rantse baranda ce.

Yanzu ku ba ni hankalinku, 'yan uwa, domin ga inda maganar take. Mafi muhimmancin abin da wannan akwati zai nuna miki shi ne ɗan gajeren bidiyon tsira da rai. A daren 13 ga Janairu, 2012, jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya da mutum sama da 4,200 a ciki, 32 suka rasu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an koya musu inda za su taru ba, domin dokar wancan lokacin ta ba da damar a yi atisayen cikin awa 24. Bayan wannan musiba aka sauya doka, ya zama sai an yi bayanin kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Bayan annobar korona ta 2020, jirage da yawa suka daina tara jama'a cunkus, suka koma ki kalli bidiyon a talabijin ɗin ɗakinki ko a wayarki, sannan ki taka da ƙafarki zuwa wurin taruwarku ma'aikaci ya shaida kin zo.

Kun ga kenan nauyin ya dawo kanki. Ba wanda zai tsaya a kanki ya ga ko kina kallo ko kina jera kayan kwalliya a gaban madubi. A cikin bidiyon za a nuna miki yadda ake ɗaura rigar ceto, da hanyar da za ki bi, da ƙarar gargaɗi: busa gajeru 7, sai doguwa guda 1. In kin ji ta, ba a shiga lif, matakala ake bi. Don Allah ki kalla da kyau, in da miji ko ƙanne ki zaunar da su su ma. Rigakafi ya fi magani.

Sai maganar kuɗi. A cikin jirgi ba a ciniki da tsaba, kati ake ba ki, shi ne makullin ɗaki, shi ne jakar kuɗi. A wasu jiragen sababbin finafinai na biya ne, kina danna rimot an rubuta a asusunki. Intanet ma yawanci saye ake yi daban, ko da yake ya ƙara sauri tun da jirage suka fara amfani da Starlink a 2022. Akwai wata amarya da muke cin abinci a tebur ɗaya, ita da angonta suka yi ta danna finafinai, ranar sauka da aka kawo takardar lissafi sai ga fuska ta canza, har da 'yar harara tsakaninsu. Alhali a wannan talabijin ɗin, a jirage da yawa, akwai wurin da za ki duba abin da kika kashe kullum. Ki duba kowane dare kafin ki kwanta.

In kin fito daga ɗaki kuwa, sai idonki ya gaji. Kamfanin Princess ya fara nuna fim a ƙaton allo a saman jirgi a 2004, ana kallo a fili ƙarƙashin taurari, ga bargo ga gugguru. Jirginsu ne ma, Pacific Princess, aka yi amfani da shi a shirin soyayyar nan na Amurka, The Love Boat, daga 1977 zuwa 1986, wanda ya sa Turawa da yawa sha'awar irin wannan tafiya. Voyager of the Seas ya zo da filin zamiya a kan ƙanƙara a 1999, Queen Mary 2 kuma da ɗakin kallon taurari a 2004. Sai dai fa a yawancinsu akwai ɗakin caca da mashaya, 'ya mai tarbiyya ta san inda za ta sa ƙafa. Ga wadda ke son kauce wa wannan, a Disambar 2024 jirgin Aroya na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda, babu giya babu caca.

Shawarata ita ce, duk wadda Allah Ya nufa da wannan tafiya, ta fara da bidiyon tsira, ta duba jadawali da lissafinta, sannan ta kashe akwati ta fito. Fim yana nan a gida yana jiranki, amma faɗuwar rana a tsakiyar teku ba kullum ake samu ba. 'Yan makaranta kuma ku dage da karatu, domin da ilimi ake kaiwa irin waɗannan wurare.

Allah Ya kai mu, Ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.