Zanen Talla da Gasar Ɗalibai: Abin da Ya Kamata Matashin Diffa Ya Sani

Wanda ya taɓa ratsa bakin Komadugu a lokacin shanyar tattasai ba zai manta da wannan jan ba. Daga Shetimari zuwa Geskeru har Bosso, fili kan yi ja wur, ƙamshi ya cika iska. Sai a ɗura shi a buhuna, wani ya haye ruwa ta Damasak ya nufi Maiduguri, wani ya bi kwalta zuwa Damagaram da Maraɗi. Amma ku tsaya ku dubi buhun. Abin da ke jikinsa bai wuce alamar da dillali ya yi da fenti don kada kayansa su cakuɗe da na wani ba. Idan aka niƙa shi a wani gari aka ƙulla a leda, sunan mai niƙan ne ke fita, sunan Diffa ya tsaya a tasha. Haka bandar kifin Tafkin Chadi take tafiya cikin kwali, ba suna ba tambari.

Cike wannan giɓi sana'a ce da ake koya a jami'a, ana cin jarrabawa a kanta, ana kuma gasa. Ita ce zanen talla na bugawa: fosta, ko afish kamar yadda ake cewa a Nijar, da takardar da ake liƙa wa kaya, da shafin talla a jarida, da kalanda, da babban allon bakin hanya.

Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014 tare da na Agadas da Doso da Tillaberi, ta fi karkata ga ilimin noma da muhalli. Wanda ke son karatun zane mai zurfi sai ya dubi ƙetaren kogi. Jami'ar Maiduguri, da aka kafa a 1975, tana koyar da zane, ita ce kuma mafi kusa. Amma uwar wannan karatu a ƙasar Hausa ita ce Zariya. A 1955 aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa can, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya. Ƙorafinsu shi ne malamai Turawa na koya musu zane kamar a Landan suke zaune. Suka ce za su riƙe dabarun da aka koya musu, amma ido da siffa daga gida za su ɗebo. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Daga baya jami'ar ta ware sashe na musamman na zanen kayan masana'antu, inda ake koyar da zanen bugawa da na yadi da tukwane da gilashi. Ba banza ba Zariya ta dace da wannan: a can aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a can kuma Kamfanin Gaskiya ya kafa injunansa a Tukur-Tukur.

To me ake yi a ajin? Mutane da dama sun ɗauka koyon CorelDraw da Photoshop ne. Kwamfuta tana zuwa, amma ba da ita ake farawa ba. Shekarun farko na fensir ne da takarda: zana abin da ido ya gani, haɗa launi da hannu, rubuta harafi da burushi har ɗalibi ya san kaurin kowane da tazarar da ke tsakaninsu. Sai ya ƙware a nan ake ba shi aikin talla.

Aikin kan fara da takardar umarni, irin wadda mai kaya zai ba kamfanin talla. A ce malami ya rubuta: ƙungiyar mata masu niƙa tattasai a Diffa na son fosta mai girman A3, wato milimita 297 da 420, da za a liƙa a shaguna, masu saye kuma matan gida ne da masu tuwo-tuwo. Ɗalibin da ya san abin da yake yi ba zai taɓa kwamfuta a ranar ba. Zai je ya tambaya. Me ya sa mai abinci ke zaɓen wannan tattasan ta bar wancan? Launin da yake ba miya ne, ko ƙamshi, ko rashin ƙasa a ciki? Amsa ɗaya zai riƙe, domin talla mai magana uku ba a jin ko ɗaya. Daga nan sai ƙananan zane-zane da fensir, kowane bai wuce akwatin ashana ba, ashirin ko talatin, yana juya wurin hoto da na rubutu. Ya tsamo uku ya faɗaɗa su, sannan ya gina ɗaya.

Abin da ake aunawa shi ne inda ido ke fara sauka da inda yake bi. Akwai kanu, wato babbar magana. Akwai hoto. Akwai ɗan bayani, da tambarin mai kaya, da inda za a samu kayan. Idan duka suka zo da girma ɗaya, ido ya rasa mashiga, mai wucewa ya wuce. Shi ya sa malamai ke yawan yaƙi da cunkoso. Ɗalibi sabo yana tsoron farin wuri, sai ya cika shi da furanni da taurari da harafi iri biyar, alhali farin wurin ne ke sa jan tattasai ya yi magana.

Ranar da ta fi kowace amfani ita ce ranar duba aiki. Kowa ya liƙa nasa a bango, malami da ɗalibai su ja da baya, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai aiki ya faɗi abin da yake nufi, sauran su faɗi abin da suka gani. Sau da yawa biyun ba sa haɗuwa, kuma a nan karatun yake. Wanda ya koyi zane shi kaɗai a waya yana iya kai wa ga gwaninta da hannu, amma wannan ido na jama'a shi ne abin da ya rasa, kuma a ganina ya fi kowace manhaja daraja.

Sai batun bugawa, inda aiki mai kyau kan lalace. Fuskar waya da kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Injin buga takarda kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya, da baƙi. Jan tattasai yana fitowa ne idan aka cika ruwan hoda da rawaya. Da zarar shuɗi ko baƙi ya kutsa ciki, sai ya koma kamar jar ƙasa. Wanda bai juya aikinsa zuwa tsarin tawada huɗu ba tun kafin ya kai wa mai inji, zai karɓo abin da bai gani a fuskar kwamfutarsa ba. Hoto kuma yana son ɗigo 300 a kowane inci idan da hannu za a riƙe takardar. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, idan aka faɗaɗa sai ya farfashe, don haka a turo shi a matsayin fayil. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Akwai kuma abin da ɗan Diffa ya sani tun kafin a faɗa masa: rana tana cin tawada. Rawaya da ruwan hoda ne ke fara gudu, shi ya sa tsohuwar fosta ke komawa shuɗi-shuɗi. Mai zanen da ya yi rubutunsa da baƙi mai kauri ya tsira da saƙonsa ko da launi ya koɗe.

Na taɓa ganin fostar gargaɗi kan tsabtar ruwa da aka kashe kuɗi sosai a kanta, amma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya fito sai ɗan akwati babu komai. Wanda ya tsara ta ya yi amfani da harafin da injin mai bugawa bai da shi. Wasu don gudun haka sai su cire lanƙwasar gaba ɗaya, su mai da ƙasa ta zama kasa, ɓari ya zama bari. Maganin mai sauƙi ne: a zaɓi samfurin harafi mai ɗauke da baƙaƙen Hausa, a kuma mai da rubutun zane kafin a miƙa fayil. A tuna cewa Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, Barbarci kuma yana da nasa ǝ. Wannan ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar.

Diffa tana da wata tambaya da littafin talla na Turai ba ya amsawa. Mai kallon fostar Babarbare ne, ko Bafulatani, ko Tubu, ko Balarabe, ko Buduma, ko Bahaushe. Da yawa ba su yi boko ba amma suna karanta ajami sarai. Tun bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, ƙungiyoyin agaji sun cika yankin da takardun faɗakarwa, har a sansanin Sayam Forage, musamman lokacin ɓarkewar ciwon hanta a 2017. Sau da yawa da Faransanci ake tsara su, daga nesa, da hoton mutanen da shigarsu ba ta nan ba ce. Yaron da ya tashi a bakin Komadugu ya san yadda mace ke yafa mayafi a nan, ya san irin tulu da jarkar da ake ɗebo ruwa. Kuma ba ya rasa gadon zane. Rubutun Alƙur'ani na Barno sananne ne saboda kaurinsa da tsarinsa, ga zayyanar allon sauka, ga aikin fata, ga alamun da Tubawa ke yi wa raƙumansu, waɗanda tambari ne na gaske, ana gane na wane gida ne tun daga nesa. Abin da ɗaliban Zariya suka yi da uli, ana iya yinsa da waɗannan.

Game da gasa, misalin da ya fi dacewa da ɗalibin Diffa shi ne na tutar Najeriya. Michael Taiwo Akinkunmi ba zane yake karanta ba, aikin lantarki yake koyo a wata kwaleji a Landan lokacin da ya ga sanarwar gasar a jarida. Ya aika da nasa: kore, fari, kore, da jar rana a tsakiya. Alƙalai suka cire ranar suka zaɓi sauran a 1959, aka ba shi fam 100, aka ɗaga tutar ranar 1 ga Oktoban 1960. Ya rasu a 2023. Zanensa mai sauƙi ne, yaro ma zai iya zana shi daga ka. Mai karatun noma da ya san tattasai tun daga iri yana da irin wannan dama.

A yau akwai bikin Life In My City da ake yi kowace shekara a Enugu tun 2007. Wani mai kamfanin talla da bugawa, Robert Oji, shi ya assasa shi domin matasa masu zane. Ana ba da jigo, ana tace ayyuka a shiyyoyi kafin babban baje koli, ɗaliban jami'o'i na shiga sosai, kuma an sha kai waɗanda suka yi fice kallon baje kolin Dak'Art a Dakar. A Nijar ma an ga irin wannan lokacin da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disambar 2005, inda aka yi gasar zane da sassaƙa da ɗaukar hoto tare da ta guje-guje.

Amfanin gasa a fili yake: tana tilasta wa mutum gama aiki a kan lokaci, tana sa baƙon ido ya duba shi, tana ƙara masa abin nunawa ranar neman aiki. Amma a karanta sharuɗɗa tun daga farko har ƙarshe. Wa aka yarda ya shiga, ta fuskar shekaru da ƙasa? Wane girma ake so, wane irin fayil? An yarda a yi amfani da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, ko an hana? Sai babbar tambaya: wa zai mallaki zanen bayan gasa? Akwai masu shirya gasa don su sami tambari ɗari a kuɗin guda, suna rubuta cewa duk abin da aka aiko ya zama nasu, ko ya ci ko bai ci ba. Irin wannan ban ba kowa shawarar shiga ba. Gasar kirki tana faɗin alƙalanta, tana bar wa wanda bai ci ba haƙƙin aikinsa, ba ta kuma neman kuɗin shiga mai nauyi. Shi ma ɗalibi kada ya ɗebo hoton wani daga intanet ya ce nasa ne, kada kuma ya sa fuskar mutum a talla ba da izininsa ba. A yankin da ya sha fama da rashin tsaro, fuskar manomi a fosta na iya jawo masa abin da mai zane bai hango ba.

Wanda ba zai iya zuwa Zariya ko Maiduguri ba, yana iya ɗaukar tsarin ajin ya kawo gida. Mutum biyar ko shida su haɗu, su ba kansu takardar umarni guda, a ce takardar liƙawa ta ledar garin tattasai mai rabin kilo, su sa wa kansu mako biyu. Su nemi mai rubuta allunan shaguna da mai buga riguna su zauna musu alƙalai, domin waɗannan sun san harafin da ake karantawa daga ƙetaren titi. Sannan su buga guda ɗaya ɗaya, su kai kasuwa, su liƙa a rumfa, su tsaya taku goma. Su tari mai tallan abinci su ce, “Ya, don Allah dubi takardar can, me ake sayarwa?” Su tari dattijo su ce, “Baba, me ka gani a nan?” Duk zanen da sai an yi wa waɗannan biyun bayani kafin su gane, a mai da shi kan tebur a sake shi daga fensir.