Kogin Isa da Cikowarsa Biyu a Yamai

Kogin Isa, wanda Hausawan gabas ke kira Kwara, ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gine, tsawonsa kimanin kilomita 4,200. Ko da yake mafarinsa kusa da teku yake, sai ya juya mata baya ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Bamako da Segu da Mopti har Tumbutu. Daga nan ya karkato kudu ta Gawo, ya yi tafiyar kilomita 550 cikin Nijar, ta Tilaberi da Yamai da Gaya, kana ya shiga Nijeriya.

Wannan doguwar hanya ita ta sa kogin ke cikowa sau biyu a Yamai. Ta farko cikin Agusta da Satumba take zuwa, da jan ruwan da Gorwal da Dargol da Sirba ke kawowa. Ta biyu kuwa ruwan daminar Gine ne, wanda fadamun Masina ke riƙewa watanni, sai wajen Janairu ya iso, ana tsakiyar ɗari. Da shi manoman shinkafa ke noman rani. Shekarar da damina ta gaza a can sama, masunta da manoma na nan su ke ji a jika: a Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai.