Daga "Uniɓersity" zuwa Tsaftataccen Matani: Haɗa Manhajar Rubutu da Kayan Aikin Layin Umarni

Duk wanda ya saba karanta mujallun Hausa na jami'o'inmu ya taɓa cin karo da "Uniɓersity" ko "Oɗford" a jerin manazarta. Asalin wannan ɓarna sananne ne. Tsofaffin nau'o'in haruffan Hausa na kwamfuta sun ari gurbin q da x da v suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kai, wasu kuma suka ari } da ] da ~. Idan aka zo mayar da matanin zuwa tsarin Unicode, sai a musanya harafi da harafi a takardar baki ɗaya, gyaran ya haɗa har da kalmomin Ingilishi. Wannan maƙala za ta yi bayanin hanyar da na bi na kauce wa hakan a lokacin da nake haɗa tatsuniyoyi da sunayen itatuwa da na tattaro a ƙauyukan Kiru da Bebeji, kusa da dajin Ɗansoshiya.

Abubuwa biyu ake haɗawa. Na farko shi ne manhajar rubutu, wato inda ake buga matani, kamar VS Code da kamfanin Microsoft ya fitar a 2015. Na biyu kuwa su ne ƙananan manhajojin da ake kira ta hanyar rubuta umarni, kowace da aiki guda: sed tana musanya haruffa, grep tana nemo su, xelatex kuma tana mayar da matani takardar PDF. Ita xelatex ta dogara ne a kan XeTeX, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004, kuma tana karanta Unicode kai tsaye, don haka ƙ, mai lamba U+0199, ba ta buƙatar wata dabara.

Mai jan ragamarsu ita ce make, wadda Stuart Feldman ya ƙirƙiro a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1976. A wani fayil mai suna Makefile ake rubuta mata cewa fayil kaza daga fayil kaza yake samuwa, ta umarni kaza. Sai ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta sake sarrafa wanda tushensa ya canza kaɗai. A nan maganin "Uniɓersity" yake: na ware manazarta a fayil nasu, na rubuta ƙa'idar musanya haruffa ta shafi fayilolin Hausa zalla. Rubutun asali ba a taɓa shi, sabon kwafi ake fitarwa, saboda haka kuskure ba ya zama dindindin. Sai dai make tana da wani tsiya guda: dole layin umarni ya fara da maɓallin tab, in aka sa tazarar da aka saba sai ta ƙi aiki. Wannan ya cinye mini yini guda.

Haɗin kansa ba shi da wuya. A VS Code ana buɗe fayil mai suna tasks.json a cikin jakar .vscode, a rubuta cewa aikin haɗawa shi ne kiran make. Daga nan danna Ctrl da Shift da B ya wadatar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dawowar saƙon kuskure. Da xelatex da grep duk ana iya sa su su faɗi sunan fayil da lambar layin da matsala take, ita kuma manhajar rubutu a koya mata siffar saƙon. Da an danna kuskuren sai ta kai mutum kan layin. Wannan ya yi mini rana musamman a kan matanin da ke ɗauke da } da ~, domin alamomin biyu suna da ma'ana ta daban a LaTeX: ta farko tana rufe rukuni, ta biyu tazara ce. Idan "}asa" ta tsira daga musanyawa, za a ga ƙorafi nan take; idan kuwa "~arawo" ce, shiru za a ji, ɓ ta ɓace a takarda. Shi ya sa na sa grep ta riƙa farautar su kafin a kira xelatex.

Ana iya cewa Overleaf na yin mafi yawan wannan ba tare da wahala ba, kuma gaskiya ne. Amma yana buƙatar intanet, ni kuwa a inda na zauna, samun layin waya ma sai an fita bakin titi. Duk abin da aka ambata a sama yana aiki a kan kwamfutar tafi-da-gidanka muddin batirinta na da caji.

Abin da tsarin bai warware ba shi ne kalmar Ingilishi ko ta Larabci da ta faɗo tsakiyar jimlar Hausa, domin sed ba ta san harshe ba. Irin waɗannan sai na yi musu alama da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kafin a fara musanyawa.