Yadda Ake Yanke Afil Na Tsofaffin Sojan Amurka Masu Lahani

Idan soja ya tuɓe kaki, bayan shekara ashirin kunnensa ya toshe ko gwiwarsa ta ƙi ɗaukarsa, wa zai ce aikin soja ne ya jawo, wa kuma zai ce tsufa ne? A Amurka amsar wannan tambaya ita ke sa a riƙa ba mutum diyya kowane wata, ko kuwa a sallame shi hannu wofi. Mun ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu yadda suke bi da al'amarin, tun ba akawuna ba, domin shari'a ce wadda takarda ke ci, takarda ke kayarwa.

Ma'aikatar tsofaffin soja, wadda suke kira VA a taƙaice, ita ke karɓar roƙo. Abu uku ake so su tabbata. Na fari, mutumin yana da lahani yanzu. Na biyu, rauni ko cuta ta same shi yana cikin soja. Na uku, akwai dangantaka tsakanin biyun, galibi bisa shaidar likita. In an yarda, sai a auna lahanin daga sifiri zuwa 100 bisa ɗari, goma-goma, a biya shi gwargwadon haka.

To, in an hana shi, ko an rage masa awo, yana da shekara guda ta yin afil. Dokar da aka yi a 2017, wadda ta soma aiki cikin Fabrairu 2019, ta shimfiɗa masa hanya uku. Ko ya roƙi wani babban ma'aikaci ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ba ƙari. Ko ya kawo sabuwar shaida a sake lissafi. Ko kuwa ya kai kuka Hukumar Afil ta Tsofaffin Soja da ke Washinton, wadda aka kafa tun 1933. Wanda bai bar wa'adin ya wuce shi ba, in ya yi nasara daga baya, galibi akan biya shi tun daga ranar roƙonsa na fari. Wanda ya yi sakaci kuwa, kuɗin baya sun tafi.

A gaban Hukumar, alƙali guda ke duba maganar. Mai afil shi zai zaɓa: a yi hukunci da abin da ke cikin fayil kaɗai, ko a ba shi kwana 90 ya ƙaro takardu, ko a saurare shi da bakinsa. Ba wani lauyan Gwamnati da zai tsaya yana ja da shi a nan. Har ma doka ta ɗora wa ma'aikatar nauyin taya shi neman takardun asibiti da na soja tun kafin hukuncin fari. Alƙali ya ba shi, ko ya hana shi, ko ya mai da fayil baya a gyara kuskure. Kowanne ya yi, wajibi ne ya rubuta dalilansa filla-filla.

Ga inda shari'ar nan ta bambanta da wadda muka saba. Mu abin da muka sani, mai da'awa shi ke kawo shaidun da za su rinjaya, in bai rinjaya ba ya faɗi. A nan kuwa, idan shaidar da ke goyon bayan soja da wadda ke ƙaryata shi suka yi kusan canjaras, doka ta ce soja ya ci. Dalilinsu shi ne, ƙasar da ta aika mutum bakin dāga, ita ya kamata ta ɗauki hasarar kokwanto, ba shi ba.

Ba haka nan aka tarar da abin ba. Kafin 1988 ba a kai irin wannan hukunci kotu, abin da Hukumar ta yanke ya zauna. Kuma tun zamanin yaƙin basasarsu doka ta hana lauya karɓar abin da ya wuce dala 10 a kan wannan aiki, saboda haka lauyoyi suka guje shi. Cikin Nuwamba 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta kafa kotu ta musamman. Yanzu wanda Hukumar ta kayar yana da kwana 120 ya kai ƙara can. Soja kaɗai ke da wannan dama, ma'aikatar ba ta da ikon ƙarar Hukumarta. Amma fa kotun ba ta karɓar sabuwar shaida, fayil take karantawa. A 2025 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙara tabbatarwa cewa ba a rushe awon da aka yi wa shaidu sai an ga kuskure bayyananne.

Ashe ke nan duk abin ya koma kan fayil. Ran 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a ma'ajin takardun soja na Sen Luwis, ta cinye fayil wajen miliyan 16 zuwa 18, ba su kuwa da kwafi. Mutanen da takardunsu suka ƙone sai suka koma neman tsofaffin wasiƙu da shaidar abokan da suka yi barikin tare. Ana karɓar irin wannan shaida, amma wahalarta ba kaɗan ba ce ga dattijon da abokansa suka riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka muna jan hankalin akawuna da malamai masu riƙe da rajista. Layi guda da ɗan akawun asibitin bariki ya rubuta, watau suna da kwanan wata da irin raunin, shi ne zai tsaya wa mutum bayan shekara arba'in, ran da mai rubutun ma ba ya nan. A rubuta daidai, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi a wani ɗaki dabam. Haƙƙin wani yana cikin wannan takarda, Allah kuwa zai tambaya.