Rinin da ke Tona Asirin Fatar Kare

A ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan, da zarar gashin karen farauta ya fara zubewa, ɓawo ya rufe masa hanci da kunnuwa, sai a ce kirci ne, a nemo baƙin mai a shafa. Sau da yawa ƙananan ƙwari ne a cikin fatar, amma ba kullum ba.

Fatar kare tamkar ginin tubali take. Ƙwayoyinta su ne tubalan, wasu nau'o'in furotin kuma su ne lakar da ke riƙe su. Keratin na ba ƙwayar ƙarfi, desmokolin na manne ta da maƙwabciyarta, kolajin mai lamba 7 kuwa na ɗaure saman fata da ƙasanta. Duk ƙarfin madubin likita, ba ya bambance su sai an yi musu alama.

Albert Coons na Jami'ar Harvard a Amurka ne ya buɗe wannan hanya a 1941. Ya yi amfani da sanin cewa sojojin garkuwar jiki ba sa kama kowa sai abin da aka yi su dominsa, don haka ya liƙa musu launi mai ƙyalli. A yau likita kan ɗebi fata kamar ƙwayar dawa, ya jiƙa ta a sinadarin fomalin, a daskarar da ita cikin kaki, a fere ta har ta fi gashin kai siranta. Sai a ɗiga sojojin a kai. Inda furotin ɗin yake, wurin ya rine ruwan ƙasa. Inda ya ɓace, ya fito fayau.

Irin wannan bincike ne ya nuna a 2012, a Jami'ar Jihar North Carolina, cewa a wani nau'in cutar fatar karnuka da ake kira femfigus, garkuwar jikin karen ce da kanta ke kai wa desmokolin hari.

Abin lura shi ne maganin ya sha bamban. Femfigus na buƙatar maganin da ke danne garkuwar jiki, wanda kuwa idan aka ba karen da ƙananan ƙwarin fata irin su Demodex ke ci, ciwon ƙaruwa zai yi. Baƙin mai kuma guba ne ga dabbar da ke lasar jikinta.

Mafarauci ya kai karensa Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, a kankare fatar a duba kafin a sayi kowane magani.