Daga Dala da Tiya zuwa Na'ura mai Ƙwaƙwalwa: Lissafin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Fara Riƙewa

A ƴan shekarun nan, in ka zauna da iyayen yara a Baudeta, ko a Tasawa da Mayahi, ka tambayi abin da suke so ƴaƴansu su karanta bayan sun samu bak, da wuya a watse ba ka ji wani ya ambaci informatik ba, wato ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ƴan lakkol ke kira ordinatar, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma kwamfuta. Dalilin a fili yake: albashin ma'aikaci ta cikinta ake lissafa shi, kuɗin da ɗan ci-rani ke aikowa gida ta cikinta suke ratsowa, wayar da ke aljihun ɗan kasuwa ma ƴar ƙaramar na'ura ce.

Sai dai akwai kuskure guda da ke cinye wa iyaye dukiya, ya cinye wa yara shekaru, shi ne zaton duk wanda ya iya danna na'ura ya kama hanyar wannan ilimi. Uba ya kan sayar da buhunan wake ko ɗan bijimi, ya saya wa yaro na'ura, ya biya masa kuɗin koyon buga takarda na wata uku. Ranar da yaron ya shiga aji a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko makarantar EMIG, sai ya tarar malami ya cika allo da lissafi, na'urar kuwa tana cikin jaka ba a ko buɗe ta ba. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka muka ga ya dace mu shimfiɗa wa masu karatu ginshiƙai biyar na lissafin da ake bukata, mu kuma nuna cewa kowane ɗayansu yana da tushe a kasuwa da ofis ɗin da muka sani.

Na farko: bai wa adadi suna

Ɗan kasuwar ƙasarmu da dala yake ciniki, takarda kuwa da sefa ake rubuta ta. Dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya dala 200 ce, wato sefa 1000. In mai awo ya ce dala 350, ma'aikaci ya san zai fitar da sefa 1750. Kowa yana wannan juyi ba tare da tunani ba. Abin da ake so ɗalibi ya iya shi ne ya faɗi ƙa'idar a rubuce: ko nawa ne adadin dala, mu kira shi d, sefarsa ita ce 5 sau d. Da zarar ya sa harafi a madadin adadin da bai riga ya sani ba, ya shiga aljabara. Duk umurnin da ake rubuta wa na'ura cike yake da irin waɗannan sunaye, domin mai rubutawa bai san adadin da za a kawo gobe ba, ƙa'idar kawai ya sani.

Kalmar aljabara daga sunan littafin Muhammadu bin Musa Alkawarizmi ta fito, malamin da ya yi rubutu a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban sashe na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Wanda ya taɓa zama inda ake fitar da sumuni da sudusi ya riga ya ga aljabara tana aiki.

Na biyu: rabawa da saura

Buhun gero mai kilo 100 ana lissafa shi tiya 40. Manomin da ya auna tiya 130 yana da buhu 3, saura tiya 10. A lakkol an fi kula da ukun, amma a ilimin na'ura sauran nan yana da daraja ƙwarai. Ga misali: in yau Juma'a ce, aka ba mutum bashi na kwana 100, wace rana zai biya? Kwana 100 mako 14 ne da saura kwana 2, saboda haka ranar Lahadi ce, ba sai an buɗe kalanda ba. Da wannan lissafin saura na'ura ke gane ranaku da sa'o'i, kuma a kansa aka gina wasu daga cikin manyan dabarun kulle saƙo, waɗanda ke hana ɓarawo karanta lambar sirrin mai aika kuɗi.

Na uku: ƙirga da alama biyu

Mu da alamomi goma muke rubuta adadi, daga 0 zuwa 9. Na'ura biyu kawai ta sani, 0 da 1, domin wuta ko dai tana wucewa ko ba ta wucewa. Mai sikeli zai fahimci wannan nan take. A ba shi duwatsun awo biyar: na kilo 1, da 2, da 4, da 8, da 16. Da su zai auna kowane nauyi daga kilo 1 har 31. In kilo 13 ake so, sai ya ɗora na 8, da na 4, ya bar na 2, ya ɗora na 1. A rubuta 1 ga dutsen da aka ɗora, 0 ga wanda aka bari, sai a samu 1101. Haka na'ura ke rubuta 13. Bajamushen nan Leibniz ya bayyana wannan ƙirga tun 1703. Haruffa ma lambobi ne a wurin na'ura: babban A lambarsa 65, harafinmu na ƙ kuwa, a tsarin Unicode da wayoyi ke amfani da shi, lambarsa 409.

Na huɗu: auna magana

Wannan shi ne manɗiƙi, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, alhali kowane ɗan kasuwa yana aiki da shi. Mai kanti ya ce: "Ina ba da bashi ga wanda ya biya tsohon bashinsa kuma yake da mai tsaya masa." Sharaɗi biyu ke nan, dole su cika tare. Da "ko" ya ce a madadin "kuma", da ɗaya ya isa. To, wa za a hana? Mai gaggawa zai ce wanda bai biya ba kuma ba shi da mai tsaya masa. Ya yi kuskure: rashin ɗaya daga cikin biyun ma ya isa a hana mutum. Ma'aikacin da ke tace takardun masu neman shiga gasar ɗaukar aiki, yana duba shekaru da takardar shaida, wannan awon yake yi. Irin wannan ɗan kuskure, in ya shiga umurnin na'ura, sai ta maimaita shi a kan mutum dubu ba tare da ta ji kunya ba.

George Boole, ɗan Ingila, shi ya mai da "kuma" da "ko" da "ba" lissafi a littafinsa na 1854. A 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna ana iya gina lissafin Boole da makunnan lantarki. Daga nan cikin na'urar yau ya samo asali.

Na biyar: tsara aiki daki-daki, da kafa hujja

Sunan Alkawarizmi ne Turawa suka juya ya zama algoritim, wato jerin matakai bayyanannu da za su kai mutum ga amsa ko da bai san dalilinsu ba. A ɗauki ma'aikacin magajin gari da ke neman suna ɗaya cikin rajista mai suna 1000. In sunayen a hargitse suke, yana iya duba dubun duka. In an jera su bisa haruffa, sai ya buɗe tsakiya, ya ga ko sunan yana gaba ko baya, ya watsar da rabi, ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Dubawa 10 ta ishe shi, domin 2 in an ninka ta sau 10 tana ba da 1024. Ko sunayen miliyan ne, dubawa 20 ce. Bambancin gwani da ɗan koyo ke nan: na'urarsu ɗaya, dabarar ce ta bambanta.

Dabara kuma sai da hujja. Mai asusun da ke jefa dala 1 ranar farko, 2 rana ta biyu, har kwana 30, nawa ya tara? A haɗa ranar farko da ta ƙarshe, 31. Ta biyu da ta kusa da ƙarshe, 31. Haka har tagwaye 15. Jimla dala 465. Ɗalibin da ya gane dalilin da ya sa wannan hanya za ta yi aiki ga kowane adadin kwanaki ya fi wanda ya haddace amsa nesa ba kusa ba.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hatimin lissafi, inda ake jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. A hatimi mai gida tara, lambobi 1 zuwa 9 jimlarsu 45, layi uku ne, don haka kowane layi 15. Malamin ya tsara ƙa'idojin cika irin waɗannan hatimai mataki-mataki, ya rasu a Alƙahira a 1741. Katsina kuwa maƙwabciyarmu ce, daga cikinta sarautar Maraɗi da ta Tasawa suka fito.

Abin da ya rage ga iyaye

Babu ɗaya daga cikin misalan nan da ya bukaci wutar lantarki, kuma wannan albishir ne ga ƙauyukanmu. Alan Turing ya bayyana iyakar abin da na'ura za ta iya lissafawa a 1936, kafin a ƙera na'urar lantarkin kanta. Littafin rubutu da alƙalami sun isa a fara.

Shawara ta farko, a kula da lokacin da yaro ya samu BEPC zai shiga lise. Sashen C shi ne ya fi zurfi a lissafi, sashen D yana biye, akwai kuma makarantar fasaha ta Dan Kassawa a Maraɗi. Wanda ya guje wa lissafi a wannan mararraba zai same shi yana jiransa a ƙofar jami'a. Ta biyu, ɗan kasuwa ya zaunar da ɗansa a kan littafin shago lokacin hutu, ya sa shi ya fitar da riba cikin ɗari, ya kuma rubuta hanyar da ya bi, domin lissafin ka, komai saurinsa, na'ura ba ta karɓarsa sai an faɗe shi dalla-dalla. Ta uku, a bar yaro ya bayyana darasin da Hausa bayan ya karanta shi da Faransanci. Abin da bai iya faɗa wa kakarsa ba, bai riga ya gane shi ba. Ta huɗu, kada a manta da ƴan mata. Yarinyar da ke dawowa daga talla da canji cif, ba dala ɗaya da ta ɓata, ta nuna ƙwaƙwalwar da ake nema.

Wanda ke shakkar ɗan wannan yanki zai kai, ya tuna da Farfesa Abdou Moumouni. A Tasawa aka haife shi a 1929, ya zama masanin kimiyyar fizik da aka san shi a duniya kan amfani da hasken rana, ya shugabanci jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunansa bayan rasuwarsa a 1991. A littafinsa na 1964 kan tarbiyya a Afirka ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu. Shi ma da allo da alli ya fara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a kai bijimi kasuwa saboda na'ura, a fara tambayar yaron: tiya 130 buhu nawa ce, kuma wace ƙa'ida ya bi? In ya amsa ya kuma rubuta ƙa'idar, to, kuɗin na'urar ba za su faɗi ƙasa banza ba.