Hutun Sanyi a Cadi: A Zaɓi Hanya Ɗaya

Da zarar hunturu ya kama a watan Disamba, yara suka samu hutun makaranta, sai ka ji magidanta a Tukra suna shawarar kai iyali su ga ƙasa. Lokacin kuwa ya dace, domin ruwan damina ya janye daga hanyoyi, zafin bazara bai iso ba tukuna. Matsalar ita ce dogon buri. Wani zai ce cikin kwana goma zai leƙa Mundu, ya juyo Abeshe, har ya kai yara tafkunan Unianga. Irin wannan lissafi a kan taswira kaɗai yake fita.

Faɗin Cadi murabba'in kilomita 1,284,000 ne. Ita ce ta biyar a Afirka, ta fi Nijeriya girma nesa ba kusa ba, ta ɗara Nijar da kaɗan. Ba ta da jirgin ƙasa, kwalta kuma ba ta kai ko'ina ba. Taura biyu ba ta taunuwa: mai kwana bakwai ko goma ya zaɓi fuska ɗaya.

Arewa ita ya kamata a fara cirewa, ko da yake ta fi jan hankali. Hukumar UNESCO ta sa tafkuna 18 na Unianga cikin kayan gadon duniya a 2012, duwatsun Ennedi kuma a 2016. Amma zuwa kaɗai yana cin kwanaki a cikin rairayi, sai da motoci biyu masu ƙarfi, da jagora, da guzurin ruwa da mai. Sanyin dare yana ratsa ƙashi, akwai kuma wuraren da nakiyoyin yaƙin Libiya na shekarun 1980 ke binne. Ba tafiyar goyo ko tsohuwa ba ce.

Kudu ta fi sauƙi ga mutumin Tukra, tunda a bakin hanyar yake, ba sai ya haye gadar Shari ba. Ta Gelendeng, Bongor da Kelo, Mundu ba ta kai kilomita 500 ba. Wanda ya yi sammako zai iya kwana can, sai dai ya yi hattara da manyan motocin kaya.

A ganina gabas ta fi cancanta. Daga Njamena a bi ta Masaget, Bokoro da Bitkin zuwa Mongo, kimanin kilomita 500, a yada zango. Yaron da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Shari da Logon, bai taɓa ganin tudun kirki ba, ba zai manta ranar da duwatsun Gera suka ɓullo masa ba. A Mongo sai a sake yin zaɓi. Mai son tarihi ya wuce ta Um Hajar zuwa Abeshe, fadar sarakunan Wadai, wadda Faransawa suka kama a 1909. Ta nan kakanninmu da yawa suka ratsa da ƙafa zuwa Makka, wasu suka zauna a hanya, jikokinsu ne Hausawan garuruwan yau. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 'yan gudun hijira suka kwararo gabas, don haka a tabbatar da masauki kafin a tashi, kada a matsa zuwa iyakar Adre.

Mai son yara su ga namun daji ya karkata kudu zuwa gandun Zakuma, wanda aka kafa a 1963. Hanyar ta ƙasa ce, tana son mota mai tsawon ƙafa da wani yini guda. Giwayen wurin sun haura 4,000 a 2002, mafarauta suka rage su zuwa kimanin 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun. Yanzu sun koma haihuwa, ga ɓauna da raƙuman dawa da zakuna. Da rani ne kawai ake shiga, kuma sai an kama wuri tun da wuri. Kwana biyu zuwa, biyu dawowa, uku a can: mako ya ƙare ke nan, babu sauran zancen Abeshe.

Ko wace hanya aka ɗauka, kada a yi tafiyar dare. A wannan lokaci makiyaya ke gangarawa kudu da garkunansu, hazo yana rage gani, motar da ta lalace kan hanya kuma ba ta da alama sai 'yan rassan itace. A riƙe katin shaidar kowa da takardun haihuwar yara saboda shingayen jandarmomi, da kuɗi a hannu, da barguna, da maganin zazzaɓi. A ware kwana ɗaya a lissafi don fashewar taya ko rashin lafiyar yaro. Matafiyi yana yin ƙasaru in tafiyar ta kai kimanin kilomita 80, amma a mazhabar Malikiyya in ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari sai ya cika sallarsa.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ga Gawi nan a gefen Njamena, tsohon garin Kotoko mai gidan tarihin mutanen Sao da mata masu ginin tukwane. Ana zuwa da hantsi a dawo Tukra kafin magariba.